Inuwar da ke Jikin Kwalbar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Yara suna gaishe ka. Maigidana ma ya ce in gaishe ka, ko da yake sai da na tuna masa.

Ka tambayi jikin Baba. Jiki dai da sauƙi, yana ci yana sha, yana tafiya da ƙafarsa. Mantuwar ce ke ƙara gaba. Jiya da na kai masa shayi ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙuwa, ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni. Na ce 'yar gidan nan ce. Ya ce to madalla. Na koma ɗakin ɗinkina na taka keke da ƙarfi don kada yara su ji kukana. Rabon da ya kira ni Sa-ido har na manta. Sunan da na tsana ina yarinya, kai ma kana taya shi tsokanata da shi, yau ga ni ina nemansa ruwa a jallo.

Abu guda ne bai manta ba, akwatin gem ɗinsa, injin wasan nan mai fuska irin ta talabijin, wanda ya ƙi sayarwa lokacin da ya rufe shago, ya kawo shi ya kafa mana a falo. Kullum da safe shi ke kunna abinsa, ya hau doguwar kujerar nan, ya ɗora hannu a kan sandar wasan. Ba ya buga wasan yanzu, kallo kawai yake yi. Kuma a nan yake cin abinci. In ka kai masa ɗaki, yadda ka ajiye haka za ka ɗauke.

To, akwatin ne ya lalace. Hoton ya daɗe da dusashewa, ban damu ba, don ka san Baba tun muna yara ba ya barin a ƙure hasken, yana cewa haske mai yawa ne ke cinye kwalba, wato gilashin nan da ke nuna hoton. Ka tuna shi a shago, ya ba mu baya yana gwada inji, amma ko yaro ya ɗaga ƙafa zai shuri akwati a can ƙarshen ɗaki, sai ya kira sunansa bai waiwaya ba? Mu duka mun yarda yana da ido a ƙeya. Amma wannan karon hoton ya soma tsukewa yana rawa, sai wani ƙauri, sai ƙaf, ya ɗauke.

Na aika aka kira Shokin. Wa kuma zan kira? Shi Baba ya koya wa aiki, kuma duk masu gyaran yanzu ba su san irin wannan ba. Ya tsufa fa, Yaya, har da furfura, amma har yau sunan na nan, tun ranar da ya sa hannu a bayan kwalba bai sauke wutar da ke kwance a ciki ba, ta yi jifa da shi cikin kwandon shara. Ya zo ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya tambaye shi ko shi ne mai kawo ruwa. Na ga fuskarsa ta canza.

Aikin kam ya yi shi yadda Baba ke yi. Ya zare filogi, ya sa hannu ɗaya a aljihu, ya zura sukundireba mai waya ƙarƙashin marfin robar nan da ke gefen kwalbar, ta yi ƙara tas, sannan ya taɓa. Ya nuna mini fanel ɗin, allon kayan wutar injin, inda ƙananan gwangwanayen nan suka kumbura har wani ya yi yoyo. Ya ce su zai canza, ya sabunta dalma, kwalba kuwa shara kawai take so. Ya rungume ta kamar jariri, bai kama wuyan ba, ya tafi da ita tare da fanel ɗin.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani dillalin tsofaffin kaya da ya yi ta sintiri a ƙofar gidan nan kwanakin baya, wai akwai masu tara irin waɗannan injuna, kuma kwalba ta asali ce ba a samu. Na sallame shi. Shekaranjiya zan je sayen zare na bi ta gaban shagon Shokin, wa zan gani zaune a benci ya miƙe ƙafa kamar gidan ubansa? Dillalin. Da Shokin ya hango ni sai ya shige ciki. Ruwa ba ya tsami banza, Yaya.

Baba yana nan zaune gaban ramin da aka cire kwalbar. Yana ɗan taɓa abinci kaɗan. Ka sa mu a addu'a.

Ka gaida matarka da yara. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, da kai da mutanen gidanka. Na ga amsarka. Na gode da maganin da ka aiko, na kuma gode da wa'azin, wai tun ina cikin zani nake zargin mutane. To saurara ka ji.

Shokin ya dawo da kaya. Ya ɗaura, ya jona, ya kunna. Yaya, ban taɓa ganin hoto irin wannan a akwatin nan ba. Ja ja ne, kore kore, haske har yana kashe ido. Yara suka yi ta tsalle. Maigidana, wanda kullum ke ƙorafin akwatin ya cinye masa falo, har shi ya ce kai, aiki ya yi kyau. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Na riƙo hannun Baba na kawo shi.

Ya hau kujera. Ya duba. Ya miƙa hannu ta gefe ya kashe injin, ya kai fuskarsa kusa da gilashin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sauko, ya ce wannan ba nasa ba ne, a mayar wa mai shi. Ya juya kujerar ta fuskanci bango, ya zauna.

Shokin ya yi dariyar yaƙe, ya ce ciwon ne, gobe ma zai manta ya faɗa. Ya tattara kayan aikinsa da sauri, ko ruwan da na kawo masa bai sha ba.

Bai manta ba. Mutumin da ba ya riƙe abin da aka gaya masa minti biyu da suka wuce, wannan ya riƙe shi gam. Kullum da safe zai fito, ya kalli akwatin sau ɗaya, ya juya kujera. Abinci kuwa ya daina ci. Na yi lallashi, na yi dabara, na sa ƙaramar 'yata ta kai masa, a banza. Ruwa da shayi kawai ke shiga cikinsa, su ma da kyar. Likita ya zo ya ce haka ciwon yake, akwai lokacin da suke ƙin abinci, a yi haƙuri. Wandonsa har ya soma zamewa, na rage masa ƙugu da hannuna.

Ni dai maganarsa ta tsaya mini a rai. Sai na tuna karatun da yake yi wa yaransa a shago, ni ina tsaye a bayansa kamar kullum ina sa ido. Yakan ce in za ka gane kwalba, ka fara da takardar da ke manne a bayanta, ka duba lambar. Ka duba wuyanta, siriri ne ko kauri. Amma takarda ana ɓare ta, wuya kuma da yawa iri ɗaya ne. Abin da ba ya ƙarya shi ne inuwa. Duk kwalbar da ta yi shekaru tana nuna wasa ɗaya, wasan yana ƙona fuskarta, ya bar tabo, ko an kashe kana ganinsa.

Da rana tsaka, maigidana ya fita, na zare filogi na buɗe bayan akwatin. Kada ka tayar da hankalinka, ban taɓa komai ba, hannuna biyu a baya, tocila a baki. Takardar tana nan, tsohuwar ce, har da ɗigon jan fentin da Baba ke yi wa kayansa. Zuciyata ta ɗan kwanta. Amma ni mai ɗinki ce, na san abin da aka farke aka mayar. Gefen takardar ya tattare, kuma gam ɗin da ya tsattsafo ta ƙarƙashinta fari ne tas. Gam ɗin da ya shekara talatin ba ya fari.

Na zagayo gaba, na haska gilashin ta gefe. Ka tuna inuwar kwalbar Baba? Layin lambobin nan a sama, da 'yan gidajen nan huɗu a ƙasa da muke cewa haƙoran kaka? Babu su. Gilashi sumul kamar goshin jariri. Tabon da wuta ta ƙona ba ya fita da tsumma, Yaya, shara ko wanki.

An canza kwalbar. Kuma wanda ya canza ya zauna ya ɓare takarda a hankali ya manna wa wata. Wannan ba kuskure ba ne, shiri ne.

Na gaya wa maigidana. Ya ce to ai sun ba mu wadda ta fi kyau, me ya yi zafi? Irin saurin da ya ba ni amsa bai yi mini ba. Shi ma na ajiye shi a gefe guda a raina, don ban manta wa ya fara nuna wa dillalin ƙofar gidan nan ba.

Ka gaida kowa da kowa. Ina jiran abin da za ka ce.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, raina a ɓace yake.

Ka ce Shokin ɗan gida ne, a tukunyarmu ya ci ya girma, ba zai cuci Baba ba. Ka ce in yi a hankali kada in ɓata zumuncin shekaru a kan gilashi. Kana can nesa, ba ka ga wuyan Baba ba. Ni ce nake ɗaga shi in zai tashi, kuma kullum yana ƙara sauƙin ɗagawa.

Na kira Shokin na tambaye shi kai tsaye, kwalbar Baba ce wannan ko ba ita ba ce? Ya ce ai kin ga tana aiki. Na sake tambaya. Ya ce hoto bai yi ba ne, ya zo ya daidaita? Na tambaya na uku, ya ce yana da baƙi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Maigidana dai na wanke shi. Na tsare shi, ya rantse, kuma na san fuskarsa in yana ƙarya, kunnensa ke motsi. Dillalin ne ya tare shi a hanya, shi kuma ka san shi da baki.

Gobe da safe zan tafi shagon da kaina, ba sallama ba aike. In kwalbar ta riga ta bar hannunsa, zai gaya mini inda ta tafi, ko bangon duniya ne. Kada ka kira shi ka ce ina zuwa. Na san ka, shi ya sa nake roƙonka.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.

*

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Yaya bayan naka, ka samu ka ga likitan kuwa? Na gode da ba ka kira shi ba. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Na isa yana buɗe shago. Ban tsaya gaisuwa mai tsawo ba, na wuce shi na shiga ciki. Ka san shagon masu gyara, gawar talabijin a kan gawar talabijin, ƙaurin dalma, waya ko'ina kamar saƙar gizo. Na soma ɗaga tsummoki. Yana bina yana cewa me ya faru, me ake nema. A ƙarƙashin teburin aikinsa na ga kwali, an ɗaure shi da igiya tam, ɗaurin tafiya. Na ce ya kwance. Ya tsaya. Na ce ko ya kwance ko in kira maƙwabtansa su taya ni.

Tana ciki, Yaya, a naɗe cikin bargo, an kifa fuskarta a kan soso. Ya ɗago ta ya juya ta wajen hasken ƙofa. Ga layin lambobi, ga haƙoran kaka, huɗu cif. Na ji kamar na ga wani ɗan'uwa da ya ɓata.

Na zazzage masa abin da ke cikina, ban rage ba. Sai da na gaji na tsaya. Sannan ya zauna a kan wata tsohuwar talabijin ya yi bayani. Ya ce da ya gyara fanel ya jona, sai ya ga kwalbar kanta ta gaji, ƙarfinta ya kusa ƙarewa. Ya gwada tayar da ita da na'urarsa, ta ɗan farfaɗo ta koma. In an ci gaba da kunna ta kullum, ba za ta yi nisa ba. Yana da wata mai girma ɗaya da wuya ɗaya, wadda ya daɗe yana ɓoyo, ita ce mafi kyau a shagon, sai ya sa ta. Ya ce ranar da ya durƙusa gaban mutumin da ya koya masa riƙe sukundireba, aka tambaye shi ko shi ne mai ruwa, ya koma gida bai iya cin abinci ba. Sai ya ce a ransa, wanda bai gane ni ba, bai gane 'yarsa ba, ina zai gane gilashi? Gara a ba shi hoto mai kyau ya ƙarasa kwanakinsa yana kallo.

Na ce to takardar fa? Ya ce wannan ba don Baba ya manna ta ba, don ni ya manna, ya san sai na buɗe bayan akwatin. Wallahi saura kaɗan in yi dariya, na danne.

Na ce dillali fa, da wannan ɗaurin igiya? Nan ya sunkuyar da kai. Ya ce an yi masa tayi, ba sau ɗaya ba. Bai ce e ba, bai kuma ce a'a ba. Ya ɗaure ta ne don ƙura, in ji shi. Ko don ƙura ne, ko da na ƙara kwana biyu da na tarar da wurin wayam, Allah kaɗai Ya sani, wataƙila shi kansa bai sani ba. Ka ga kai da gaskiyarka, ni ma da tawa.

Da na gaya masa Baba ya daina cin abinci, sai ya miƙe tsaye. Ashe bai sani ba, tun ranar bai iya tako gidan ba. Ya ce garin neman gira ya rasa ido. Ya rufe shago, ya rungumi kwalin, ya ƙi sa shi a bayan mota, a cinyarsa ya riƙe har gida.

Baba yana zaune ya fuskanci bango muka yi aikin a bayansa. Shokin ya sauke wuta, ya cire tasa, ya ɗaura ta Baba. Ya share ƙurar ciki da burushi mai laushi, ya ce in matsar da rediyon yara daga jikin akwatin don maganaɗisun lasifika na ɓata launi. Ya kunna. Hoto ya taso a hankali, dishi-dishi kamar fitilar da mai ya ƙare mata. Hannunsa ya tafi wajen maɓallin haske zai ƙara, sai ya tsaya, ya dube ni, ya rage shi ƙasa yadda maigidansa ke yi.

Ban kira Baba ba. Ƙarar wasan ce ta sa ya waiwayo. Ya kalla daga nesa. Ya sauko, ya ja kujerarsa da kansa, ya ƙi a taya shi. Ya hau, ya kashe injin, ya kai fuska kusa da gilashi kamar wancan karon. Ya sa yatsa ya bi layin lambobin, ya sauko kan haƙoran kaka ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kunna, ya ɗora hannu a kan sanda.

Ni ina tsaye a bayansa, wajen kafaɗarsa ta dama, ban ma san a nan na tsaya ba, ƙafata ce ta san wurin. Sai na ɗaga ido na kalli gilashin. Yaya, falon nan gaba ɗaya yana ciki. Hoton ya yi duhu har gilashin ya zama madubi: ga ƙofa, ga labule, ga Shokin riƙe da burushi, ga ni. Idon ƙeyar ke nan da muka yi shekaru muna tsoro. Ba ya waiwaya ne don bai taɓa buƙatar waiwaya ba. Ta cikin gilashin nan ya yi renonmu, ta cikinsa ya san fuskokinmu. Kwalbar Shokin kuwa haskenta ya shafe kowa.

Idonsa ya haɗu da nawa a cikin gilashin. Ya ɗan ɓata fuska, irin ta da. Bai juyo ba, ya ce, "Sa-ido, kin zo kin tsaya mini a ka. Uwarki ba ta gama abincin ba ne?"

Ban gaya masa Inna ta daɗe a ƙasa ba. Na ce ta gama, Baba, yanzu zan kawo. Na wuce Shokin a bakin ƙofa ya rufe fuska da hularsa. Baba ya cinye abin da na zuba, na ƙara masa.

Kada ka ɗauka ya warke. Da na zagayo gabansa zan ɗauki kwano, ya yi mini godiyar baƙuwa kamar kullum. Amma yanzu na san inda zan tsaya. Na matso da keken ɗinkina falo, na kafa shi a bayan kujerarsa.

Shokin ya ce kwalbar ba za ta daɗe ba, wata rana za a kunna ta ƙi tashi. Ya ce a rage awannin kunnawa. Na ce ko ta mutu a wurin za ta zauna, gilashin ai ba ya mutuwa. Yana zuwa duk mako ya duba ta, yana tsayawa ta kafaɗar hagu, har yau dai ba a kira sunansa ba, amma yana jira. Na yafe masa. Sai dai na ɗaura jan zare a ƙarfen da ke riƙe da kwalbar, ƙulli irin nawa da ba wanda ya iya, kuma in ya tafi nakan leƙa.

Yaya, ka nemi hutu ka zo tun kwalbar tana da haske. Kada ka shigo masa ta gaba da tsaraba da gaisuwa, zai tambaye ka ɗan gidan wa ne, kuma na san zuciyarka ba za ta ɗauka ba. Ka shigo a hankali ka tsaya a bayansa, inda kake tsayawa kana jiran layinka.

Ka gaida matarka da yara. Allah Ya kawo ka lafiya.

Taka ƙanwa,
Sa-ido.